Waiwaye Adon Tafiya: Hirar Ƙawaye Huɗu a Ɗakin Uwar Amarya

Ranar Alhamis ce, ranar kamu, a wani gida da ke Gandun Albasa a Kano. Tsakar gida ta cika da mata, tukwane na bisa murhu, yara na ta kai-kawo da kwanukan waina. A ƙuryar ɗakin uwar amarya kuwa mata huɗu ne zaune bisa kafet, ankonsu na rataye a jikin ƙofar sif yana jiran a gama kwalliya. Mai kwalliyar da aka ɗauko, yarinya ce da ba za ta wuce shekara 22 ba, ta gama da amarya da ƙawayenta, sai ta shigo da akwatinta da fitilarta mai da'ira, ta rusuna ta gaishe su, ta ce, "Mama, da wa za a fara?" Uku daga cikin matan suka waiga ƙofa a tare domin su ga wace dattijuwa ce ta shigo, ba su ga komai ba sai labule. Uwar amarya ce ta fara fashewa da dariya, ta ce, "Da ku take. Ni na daɗe da karɓar sunan, ku ne yau aka raɗa muku."

Zumuncin matan nan ya samo asali ne daga wani ɗaki a masaukin ɗalibai mata na jami'ar da suka shiga a 2008. A ɗakin ba a kiran kowa da sunan yanka, kuma har yau laƙabin da suka raɗa wa juna shi ne a bakinsu. Uwar-ɗaki ita ce babbarsu. Ta shigo jami'a tana da shekara 25, ta bar 'yarta mai shekara biyar a hannun mahaifiyarta, kuma wannan 'yar ce ake kamunta yau. Malama ta karanta Hausa, ta samu sunan tun a aji ɗaya saboda gyara wa mutane magana, yanzu tana koyarwa a wata kwalejin ilimi. Bazazzagiya ta karanta tsimi da tanadi, tana saro atamfa da leshi a Kantin Kwari tana sayarwa a gida. Auta ta karanta kimiyyar sinadarai, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Ta biyar ɗinsu, 'Yar Barno, ba ta cikin ɗakin, kuma an ɗauki lokaci kafin wata ta ambace ta.

Da mai kwalliya ta fara jera kayanta, kwalabe da burushi iri-iri fiye da ashirin, sai Auta ta tuna musu da madubin ɗakinsu. Guda ɗaya ne, mai tsaga a gefe, an rataye shi a bayan ƙofa, ga shi kuma laccar ƙarfe takwas ba ta jiran kowa. Duk wadda ta riga tsayawa gabansa sai ta ji huɗu a bayanta suna ƙirga mata daƙiƙa. Kayan kwalliyar mutum biyar kaf a cikin gwangwanin biskit ɗaya suke: farar hoda, jagira biyu, man leɓe, kwalli, da wani jambaki da aka yi ta ƙwaƙule shi da tsinken ashana har ya ƙare. Suka tuna risho ɗin da ke ƙona musu shinkafa, da kwaɗon garin rogo da ƙuli-ƙuli na ƙarshen wata, da daren da aka raba ana hira a 2go da wayar aro, da yadda mai BlackBerry take zama sarauniyar bene. Suka tuna yajin aikin malaman jami'o'i na 2009, wanda ya zaunar da su a gida wajen wata huɗu, har Bazazzagiya ta dawo da baiko. Bazazzagiya, wadda ba ta auna zamani sai da farashi, ta ce a lokacin litar fetur naira 65 ce, kafin janye tallafin watan Janairun 2012, yau kuwa ta ninka haka fiye da sau goma.

Auta ta lalubo wani hoto a wayarta, wanda suka ɗauka a situdiyo ranar da suka rubuta jarrabawar ƙarshe. Wayar ta zaga hannu zuwa hannu ana dariya har da hawaye. Gira huɗu daga cikin biyar an aske su an ja siririn layi da jagira, kamar an ɗora rula aka zana. Ta Uwar-ɗaki ce kaɗai take yadda Allah ya halicce ta, domin ita ce mai yi musu wa'azi kullum a kan haramcin cire gira, su kuma suna ce mata matar aure ba ta san halin da 'yan mata ke ciki ba. Hodar ta yi fari fat a fuska ta bar wuya baƙi. "Kuma a haka muke jin babu kamarmu a Kano," in ji Bazazzagiya. Uwar-ɗaki ta ce, "Ai da gaskiyarku. Ƙuruciya ce ke yin aikin, hodar tana karɓar yabo."

Malama ba ta bar maganar "Mama" ta wuce ba. Ta ce Bahaushiya tana hawa sunaye ne kamar matakala, kuma ba ita ke zaɓar ranar da za ta taka na gaba ba. Ana ce mata yarinya, a ce budurwa, a ce amarya, a ce maman wane, sannan wata rana yaron shago ya ce mata Anti, bayan 'yan shekaru ɗan sahu ya ce Hajiya ko da ba ta taɓa ganin filin jirgi ba, daga nan sai Mama, sai Inna, sai Iya. Dangi da ƙawaye ba su cika sauya wa mace suna ba, domin idonsu ya saba da ita. Baƙo ne ke sanar da ita shekarunta, cikin ladabi, yana kuma ganin girmama ta ya yi. Ta ƙara da cewa harshen kansa yana da kara a wannan fage. Ba a cika duban mace a ce ta tsufa ba, sai a ce ta manyanta, ko ta kwana biyu, ko girma ya zo. Kalmar girma kuwa tana ɗauke da shekaru da daraja a lokaci guda, har mutum kan ci albarkacin furfurarsa, kuma namiji mai gemu kan kira mahaifiyarsa tsohuwata ba tare da kowa ya ji raini a ciki ba.

Auta ta zame ɗankwalinta ta nuna musu silin furfura uku a gaban goshi, ta ce ita dai har yanzu ba ta ga albarkacinsu ba, abin da ta gani shi ne tambayar gwaggonninta a kowane biki, wato yaushe za a sha nata. Shekararta 34, ba ta yi aure ba, kuma ita ce "Mama" ɗin ta fi yi wa zafi, domin an ba ta sunan uwa alhali a gidansu har gobe lissafin 'yan mata ake sa ta. Ta faɗe shi da dariya, sauran ma suka taya ta, amma Uwar-ɗaki ta miƙa hannu ta gyara mata ɗankwalin da kanta.

Mai kwalliya ta fara da Uwar-ɗaki, wadda ta kafa sharaɗin kada a sa mata ƙarin gashin ido, kada kuma a mayar da ita sa'ar amarya. Da aka zo kan Bazazzagiya sai yarinyar ta ce sai an goge wadda ke fuskarta tukuna. Bazazzagiya ta yi jim, sannan ta karɓi audugar ta goge da kanta. Tun isowarta da safe ƙawayen sun lura ta yi haske ƙwarai, sun kuma yaba, kamar yadda ake yi. Yanzu da hodar ta tafi sai ga kumatunta da baƙaƙen tabo kamar an ɗiga toka, fatar goshi ta yi laushi har koren jijiyoyi sun bayyana, gaɓoɓin yatsunta kuma sun fi sauran hannun duhu. Ɗakin ya yi tsit. Mai kwalliyar, wadda ta saba ganin irin haka, ta ce kada Mama ta damu, tana da abin da zai rufe.

"Ku faɗi abin da ke bakinku," in ji Bazazzagiya. Da ba wadda ta tanka sai ta faɗa da kanta. Shekara biyu ke nan da maigidanta ya ƙara aure, yarinya fara 'yar shekara 19. Bai rage ta da komai ba na ci da sha da sutura, kuma bai taɓa ce mata ta yi baƙi ko ta tsufa ba. Abin da ta lura da shi kawai shi ne yadda yake kallon ƙofar ɗaya ɗakin. Wata mai sayen atamfa a wurinta ce ta haɗa ta da wata mai haɗin mai, wadda ke kawo shi a roba marar suna duk wata. A wata biyu na farko kowa sai ya ce ta yi kyau, har maigidan ya tambaya ko ta sauya sabulu. Bayan shekara sai tabon ya fara fitowa. Ta taɓa dainawa na mako uku, fuskar ta yi duhu fiye da da, ta feso da ƙuraje, sai ta koma.

Auta ta matso kusa da ita, ta riƙe hannun tana duba yatsun, ta yi magana a hankali ba tare da faɗa ba. Ta ce irin waɗannan haɗe-haɗen galibi abu uku ne a cikinsu. Akwai haidurokwinon, wanda ke hana fata samar da sinadarin da ke ba ta launi, kuma idan aka daɗe ana shafa shi da yawa yakan haifar da baƙin tabon da ke da wuyar fita. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda aka yi domin cututtukan fata na ɗan lokaci, su ne ke sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, rauni ya daɗe bai warke ba, kuma su ne ke sa fuska ta yi bore idan aka daina farat ɗaya. Akwai kuma zaiba, wadda ake kira makuri, da ke ratsa fata ta taɓa ƙoda, ta kuma iya isa ga ɗan da ke ciki. Ta ce wani bayani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya nuna kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa. "Ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa," ta ce. "Amma wannan ba aikin mai kwalliya ba ne, na likitan fata ne, kuma shi zai tsara miki yadda za ki janye a hankali."

Malama, bisa halinta, ta nemi ta sanyaya zancen da ilimi. Ta ce kwalliyar Bahaushiya ta dā tana tafiya ne tare da shekarunta. Jaririya akan sa mata kwalli tun tana zanen goyo. Budurwa ta yi kitso, ta zana katambiri a fuska, ta rina haƙora da goro da furen taba. Amarya a sa ta a lalle, mai jego ta yi ado ranar suna, ta sake fitowa fes bayan wankan arba'in. Wadda mijinta ya rasu ta ajiye ado gaba ɗaya wata huɗu da kwana goma, ranar fitar takaba kuma ta koma gare shi, kowa ya gane ta dawo cikin mutane. Tsohuwa ma ba a raba ta da tandun kwallinta da lallen ƙafa da turare. Kowane mataki da adonsa, kuma babu wanda aka yi domin ya ɓoye matakin. Ta ce ko kalmomin suna ba da tarihin hanyoyin da kayan suka biyo: masu nazarin aron kalmomi sun danganta tozali da harshen Buzaye, kwalli da Larabci, dilka da humra sun shigo ta gabas, daga Sudan ta hanyar Barno, hoda da fankeke kuwa daga Ingilishi. Aro ba sabon abu ba ne a gaban madubin Bahaushiya. Abin da ta ga ya sauya shi ne kwalliyar yanzu fuska ɗaya take nema wa kowa, ta 'yar shekara 20 mai haske, wadda ma wayar hannu ta ƙara gogewa kafin a tura hoton.

Bazazzagiya ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Malama, al'adar da kike yabo ita ce ta ce amarya ba ta laifi ko ta kashe ɗan masu gida. Ita ce ta ba ni uwargida ran gida, ta miƙa min mabuɗin sito da ɗawainiyar baƙi, ta ce in yi haƙuri in nuna girma. Girman nan da kike cewa daraja ne, ni a gidana ma'anarsa in matsa gefe. Kuma kafin a kawo man nan ƙasar nan, wace mace mawaƙa da marubuta suke wasawa? Fara ce, doguwa, mai dogon hanci. Ba mai haɗin mai ce ta koya mana son fari ba, ta tarar da kasuwar ne a buɗe." Malama ta buɗe baki ta rufe. Daga baya ta amsa cewa gaskiya ne, rabin maganar ta faɗa, kuma rabin da ta bari shi ne mai ciwon.

Akwai abin da ya sa wannan magana ta yiwu a wannan ɗaki, ba ta yiwu a gidan Bazazzagiya ko gidan iyayenta ba. A littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa Bahaushiya tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, an nuna ƙawance a matsayin alaƙa mai ƙa'ida, wadda ake ƙullawa da sani, ake riƙe ta da gudummawa a biki da suna har tsufa. Ɗakin kwanan ɗalibai ya gaji wani abu daga wannan tsari. Mata daga garuruwa daban-daban, waɗanda ba jini ya haɗa su ba, sun yi shekara huɗu suna ganin fuskar juna da asuba kafin a shafa komai. Miji ya san matarsa daga ranar da aka kai ta, 'ya'ya sun san uwa, abokan ciniki sun san Hajiya. Waɗannan uku ne kaɗai suka san launin Bazazzagiya na asali, wankan tarwaɗa mai sheƙi, kuma hoton yana nan a wayar Auta.

Auta ta sake buɗo hoton domin ta nuna mata, sai idanu suka sauka kan ta biyar, wadda ke tsaye a tsakiya da lafaya ruwan goro. Uwar-ɗaki ce ta ambace ta. 'Yar Barno ce ta koya musu dilka da halawa, ita ce ke dawowa daga hutu da kwalbar humra da turaren wuta, har 'yan sauran ɗakuna kan gane ta dawo tun daga matakala. Ita ce ke zana musu lalle ranar jajibirin komawa gida hutun salla, tana ce musu lalle ya fi jan farce domin ba ya hana ruwan alwala taɓa jiki, kuma in ya gaji da mutum zai tafi da kansa cikin mako biyu ko uku. Shekara uku bayan kammala karatu ta rasu wajen haihuwar fari, ɗan ya rayu. Su huɗun sun je Maiduguri gaisuwa a mota ɗaya. "Ita kam ba wanda ya kira ta Mama," in ji Uwar-ɗaki, "ko ɗan da ta haifa." Suka yi mata addu'a, mai kwalliyar ma ta ajiye burushi ta shafa tare da su.

Ana cikin haka labule ya ɗaga, mahaifiyar Uwar-ɗaki ta shigo tana dogara sanda. Ta haura 70, ƙafafunta sun sha jan lalle har idon sawu, idanunta rambaɗau da kwalli, ƙamshin turaren wuta na tashi daga mayafinta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Yaran nan, har yanzu surutun ne? Tun kuna makaranta haka kuke. An kira la'asar, ku tashi ku yi alwala ku yi salla kafin a shafa muku wannan abin, don na san in an shafa sai ku yi ta jin tsoron ruwa." Suka amsa da "To, Inna," baki ɗaya kamar 'yan firamare. Auta ta san kwallin dutse irin na tandun Inna, wanda ake saya a Kasuwar Kurmi, yakan ƙunshi dalma, kuma ta sha hana a sa wa jarirai shi a gidansu. Ta dubi tsohuwar ta bar maganar zuwa wata rana.

Inna ta tsaya a kan Bazazzagiya, wadda ba ta samu damar rufe fuskarta ba. Ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana kallo. Ba ta tambayi komai ba. Ta ce, "Ke ce mai kawo min alkaki daga Zariya." Bazazzagiya ta ce ita ce. Inna ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, 'yar nan," ta saki haɓar ta fita.

Bayan salla mai kwalliya ta ci gaba da aikinta. Uwar-ɗaki da ta riga ta sha tata sai da aka sake mata, tana mitar kuɗin da za a ƙara. Bazazzagiya ta zauna aka rufe tabon da hoda mai kauri, domin yau ranar biki ce kuma dangin maigidanta na cikin 'yan gayya, ba wadda ta ce mata kada ta yi. Yayin da ake ɗaura mata ɗankwali sai ta tambayi Auta, ba tare da ta juyo ba, wace rana likitan fata yake zama a asibitinsu. Auta ta ce Litinin da Laraba, kuma sai an yi sammako kafin kati ya ƙare. Malama ta ce ba ta da darasi ranar Litinin, za ta biyo ta ɗauke ta da ƙarfe bakwai. A tsakar gida aka rangaɗa guɗa, wata yarinya ta leƙo ta ce motoci sun iso, ana jiran iyayen amarya. Su huɗun suka yafa mayafai suka fita.